Tambaya da Amsa: Shin Ana Cin Abinci da Wasan Dats?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Ɗan yayana da nake riƙo, mai shekara 17, ya sayi allon wasan dats ya rataye a zaure, kuma kullum bayan la'asar yana can yana jifa da ƙananan kibau. Da na yi masa magana sai ya ce a Ingila akwai waɗanda wannan jifan ne sana'arsu, har ya ambaci wani Phil Taylor. Ina roƙon a bayyana mini ko wane ne wannan mutumin, da kuma ko da gaske ana cin abinci da abin.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanka bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai kai maka labarin ƙarshensa ba.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Allon zagayayye ne kamar faifai, an raba shi gida ashirin, ana rataye shi yadda tsakiyarsa za ta kai mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma ya tsaya mita 2.37 daga gare shi. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 501, yana jifa sau uku a kowane zagaye ana cire abin da ya samu, kuma dole ne kibiyarsa ta ƙarshe ta faɗa a siririn zoben waje mai ninka maki biyu ko a tsakiyar allon. Mafi yawan abin da kibau uku za su kawo shi ne 180, wato idan duk ukun suka faɗa gidan 20 a zoben ciki mai ninka maki uku, mafi ƙarancin kibau da za su iya cinye 501 kuwa tara ne. Saboda haka wanda yin lissafi da ka ke ba shi wahala ba zai yi nisa a nan ba, ko da hannunsa ya iya saiti.

An haifi Phil Taylor a shekarar 1960 a Stoke-on-Trent, garin da ya yi suna wajen ƙera kayan tangaran, kuma a irin waɗannan masana'antu ya yi leburanci kafin duniya ta san shi. Abin da ya sauya masa rayuwa shi ne haɗuwarsa da Eric Bristow, wanda ya ci kofin duniya sau biyar tsakanin 1980 da 1986. Bristow ya ga hannun Taylor, ya ranta masa fam 10,000 domin ya riƙa biyan kuɗin mota da masauki da na shiga gasa. A 1990 su biyun suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin duniya, yaron gida ya doke ubangidansa da ci 6 da 1. Ina so ka lura da batun rancen nan, domin shi ne masu ba da labarin suka fi tsallakewa: gwaninta kaɗai ba ta fitar da Taylor daga masana'anta ba, sai da wani ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyensa.

Ko bayan ya zama zakara, sana'ar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Gidajen talabijin na Birtaniya sun rage nuna wasan, kuɗin kyauta ya ja baya, har a 1993 manyan 'yan wasa 16, ciki har da Taylor da Bristow, suka ɓalle daga tsohuwar hukumar dats ta Birtaniya, wato BDO, suka koma ƙarƙashin sabuwar ƙungiyar da a yau ake kira PDC, wadda tashar Sky Sports ta shiga nuna gasanninta. A can Taylor ya ci kofin duniya sau takwas a jere daga 1995 zuwa 2002. Jimillar kofunansa na duniya 16 ne, na ƙarshe a 2013 lokacin da ya doke Michael van Gerwen ɗan ƙasar Holan. Ya yi ritaya a Janairun 2018 bayan ya sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Rob Cross, wanda ba da jimawa ba kafin nan aikin gyaran wutar lantarki yake yi.

Yanzu kuɗin ya yi yawa ƙwarai. Luke Littler, wanda ya ci kofin a Janairun 2025 yana da shekara 17, wato tsaran ɗanka, ya karɓi fam 500,000. To amma mutum 128 ne kacal ke riƙe da katin ƙwararru na PDC. Ana neman katin ne a gasar tantancewa da ake yi duk watan Janairu a Ingila da Jamus, yana aiki shekara biyu, kuma wanda bai shiga sahun 64 na farko ba a ƙarshen wa'adinsa sai ya koma ya sake nema. Ana tsara wannan sahu ne bisa kuɗin kyautar da mutum ya ci cikin shekara biyu. Ɗan wasa shi ke biyan kuɗin tafiyarsa da masaukinsa, kuma a gasannin da ake yi a kai a kai wanda aka cire a zagayen farko ba ya samun ko kwabo. Shi ya sa da yawa ba su saki ayyukansu ba. Jonny Clayton ɗan yankin Wales ya ci gasar Firimiya ta dats a 2021 alhali yana aikin filasta a ƙaramar hukumarsu.

Akwai kuma abin da ya kamata uba ya sani. A mashayar giya wasan ya girma a Ingila, kuma kamfanonin caca na cikin manyan masu ɗaukar nauyin gasanninsa. Hukuncin shiga irin wannan wuri ba nawa ba ne, kuma Sakkwato ba ta rasa malaman da za ka tambaya ba. Shawarata dai ita ce kada ka sauke allon daga zaure, tunda yana zaunar da yaro a gida kuma yana wasa masa ƙwaƙwalwa, amma ka kafa masa sharaɗi cewa babu sa kuɗi tsakaninsa da abokansa, kuma karatu ko koyon sana'a ne gaba.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Runjin Sambo. Shin akwai ɗan Afirka da ya taɓa yin fice a wannan wasa?

AMSA: Akwai, Malama. Devon Petersen ɗan Afirka ta Kudu ya buga gasar kofin duniya sau da dama a zauren Alexandra Palace da ke Landan, inda ake yin ta daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, kuma a 2020 ya ci wata gasar PDC a Jamus, abin da babu ɗan nahiyar nan da ya riga shi yi. Sai dai shi ma sai da ya tare a Ingila, kusa da inda ake yawan gasannin, kafin ya kai wannan matsayi.