Amsa: Motata ta ƙara shan mai da shigowar hunturu

Malam, ka ce tun da sanyi ya sauka a Marwa motarka ke shan mai fiye da da. Haka ne, inji mai sanyi ya fi cin fetur kafin ya yi zafi. Amma kada ka bar ta tana aiki a tsaye minti goma da asuba wai ta ɗumama, asara ce kawai. Daƙiƙa 30 ta isa, sai ka ja ta a hankali.

Duba iskar taya da safe, sanyi na rage ta. Ƙurar hunturu kuwa toshe matatar iska take, ni duk sati nake kakkaɓe tawa. Gajerun zirga-zirga, kasuwa da kai yara makaranta, haɗa su a fita guda.