Tambaya da Amsa: Yadda Ake Wanke Bonar Kakin Ƙamshi

Tambaya: Assalamu alaikum. Cikin kayan ɗakina akwai bona ta lantarki da ake narka kakin ƙamshi a kanta, wani lokaci kuma ina zuba mata turaren wuta. Yanzu faifan ya yi baƙi yana danƙo, ƙamshin ma ya koma ƙauri. Na wanke da omo bai fita ba. Me zan yi? Daga wata amarya, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da zaman lafiya. Datti iri biyu ne a faifan nan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Kaki ba ya narkewa a ruwa, mai ne ke ɗaga shi. Baƙin kuwa sukarin da ake haɗa turaren wuta da shi ne ya ƙone, shi kuma ruwan ɗumi yake so.

Fara da kakin. Kunna bonar minti 3 zuwa 5 ya narke, ki cire ta daga soket, ki tsotse shi da dunƙulen auduga biyu ko uku. Kada ki juye shi a wurin wanke-wanke, zai daskare ya toshe bututu. In faifan mai cirewa ne kuma akwai wuta, ki bari ya huce sarai, ki sa shi a firiza minti 15. Kakin zai tsuke ya ɓalle da kansa. Faifan tangaran mai zafi in ya gamu da sanyi farat ɗaya, tsagewa yake.

Sai ki ɗiga rabin ƙaramin cokali na man gyaɗa a tsumma, ki murza har danƙon ya tafi, ki bi da sabulun ruwa. In kin bar man, shi zai soyu gobe ya ba ki sabon ƙauri.

Ga baƙin kuma, jiƙa faifan kaɗai a ruwan ɗumi minti 20. Kwaɓa bekin soda cokali 2 da ruwa cokali 1, ki shafa, ki bari minti 10, ki goge da tsohon buroshin haƙori. Jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana yi wa tangaran, amma tana cin alminiyom ta dusashe shi. Farin tabon ruwan rijiya, lemon tsami ko ruwan khal ya ishe shi. Wuƙa da soson ƙarfe dai a'a: duk inda suka karce, nan datti zai riƙa maƙalewa.

Gindin da ke da waya ba ya shiga ruwa ko kaɗan. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar, kuma sai komai ya bushe kafin ki mayar da ita soket.

Ni dai shawarata, ki bar wa kaki wannan bonar, turaren wuta ya koma kaskonsa da garwashi. In dole sai a kanta, shimfiɗa takardar foyil a faifan kafin ki zuba, ki yar da ita bayan kin gama.