Shekara huɗu ke nan mahaifina bai amsa gaisuwata ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce mai shekara 27, ina zaune a Kaduna, iyayena kuma suna Zariya. Mahaifina ya so ya haɗa ni aure da ɗan ƙanensa, ni kuwa cikin zafin rai na faɗa masa a gaban baffannina cewa ba zai tilasta mini ba. Daga baya ya bari aka ɗaura mini aure da wanda nake so, amma ya wakilta baffana, shi bai halarta ba. Tun daga ranar, idan na durƙusa na gaishe shi sai ya kawar da kai, kuma ba ya ɗaukar wayata. Wata uku da suka wuce na haifi namiji, muka sa masa sunan Baba, amma ko barka bai aiko ba. Yanzu Umma ta ce hawan jini ya kama shi, ina tsoron kada ɗayanmu ya rasu a haka. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Wasiƙarki ta taɓa zuciyata ƙwarai. Ƙin auren da kika yi haƙƙinki ne, domin Buhari ya ruwaito cewa mahaifin Khansa'u 'yar Khizam ya aurar da ita ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Amma a ganina ba wannan ne ciwon mahaifinki ba. Dattijon da ya riga ya yi wa ƙanensa alkawari, sannan 'yar cikinsa ta mayar masa da magana a gaban 'yan'uwansa, kunya ce take cinsa, kuma ban ga inda kika ce kin ba shi haƙuri a kan wannan maganar ba. Yi masa takwara kyakkyawan abu ne, sai dai ba ya maye gurbin ban haƙuri.

Ki daina dogaro da waya. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko yayarsa ko wani amininsa, ya shige muku gaba ke da maigidanki, kuma ki roƙi baffannin da aka yi abin a gabansu su zauna. Ki durƙusa ki ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini," ba tare da kare kanki ko tuna masa wanda ya fi gaskiya ba, sannan ki ɗora masa takwaransa a cinya.

Mai yiwuwa ya yi shiru a ranar, kada hakan ya karya miki gwiwa. Aya ta 15 a Suratu Lukman ta umarci a kyautata zama da iyaye ko da sun kira ɗansu zuwa shirka, balle uban da fushi kawai yake yi. Ki riƙa zuwa gaisuwa, ki sayi maganinsa, ki tambayi Umma ranar da zai koma asibiti domin ki raka shi. Ki je wurin gwaggonki a wannan makon.