Alhaji, kada ka ba shi kuɗin, ka ba shi albasa

Wani Alhaji mai fataucin albasa ya aiko mini da tambaya daga Tawa, ga ta a taƙaice. Babban ɗansa ya gama jami'a, shi ke riƙe masa lissafi shekara biyu ke nan. Kwanan baya wani littafi na Faransanci ya shigo fadarsu, labarin wani Bature da ya ajiye aikin ofis ya mayar da wasan kartar poka sana'arsa. Littafin ya zaga hannu-hannu har bangonsa ya cire, kan samarin kuma ya rabu. Wasu sun ce ƙarya ce tsagwaronta, an rubuta ne don a ja mutane gidan caca. Wani malamin lakwal da ke shan shayi da su ya ce shi bai ga komai a ciki ba sai mutum mai kaɗaici, ba barci, ba iyali. Ɗan Alhaji da abokansa biyu suka ce wannan ilimin lissafi ne, mai kai shi ke ci. Yanzu yana roƙon a ba shi miliyan ɗaya na sefa daga cikin jari, ya gwada a intanet na wata shida. Da uban ya ce ai caca ce, sai ya amsa: "Baba, ajiyar albasa ma caca ce. Kana zuba ta a rudu a watan Afrilu, ba ka san abin da Oktoba zai zo da shi ba." Alhaji ya ce bakinsa ya mutu, domin a 2023 ya tafka asara, kuma yaron ne ya rubuta ta da hannunsa. Yana tambaya: yaron yana da gaskiya? Ya ba shi?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ya shirya mana zuri'a. Kada ka ba shi. Amma kada ka tsaya ga cewa a'a, domin yaron da ya iya kawo maka wannan hujja ba tsawa za ta mayar da shi ba. Amsa yake bukata, kuma akwai ta.

Mu fara da inda yake da gaskiya. Poka ba kamar tikitin tseren dawaki ba ne da mutum ke saya ya koma gefe yana jira. Karta 52 ce, a irin wasan da ya fi yaɗuwa ana ba kowa biyu a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiya, kowa yana zuba kuɗi gwargwadon ƙarfin abin da ke hannunsa ko kuma burgar da yake son yi wa sauran. Akwai lissafi a ciki, akwai karantar mutane, kuma akwai ƴan kaɗan da suka daɗe suna ci da shi. In ka ce masa babu wanda ya taɓa samu, zai buɗe waya ya nuna maka, daga nan kuma ba zai ƙara sauraronka ba.

To, ina kuɗin wanda ya ci yake fitowa? Nan ne maganar take. A ce samari goma sun zauna, kowa da jika goma, jimla jika ɗari. Su kwana suna bugawa. Da asuba, in an tara abin da ke aljihunsu duka, ba zai kai jika ɗari ba, domin mai gidan, ko mai shafin intanet, yana cire la'adarsa a kowane zagaye, shi ba ruwansa da wanda ya ci. Abin da ɗaya ya samu daga aljihun taran ya fito, babu ko dala da aka ƙara a duniya. Yanzu dubi buhun albasarka. Manomin Galmi ko Tamaske ya karɓi kuɗinsa ya biya bashin taki da man injin ban ruwa. Mai ɗinka buhu ya samu, ƴan dako sun samu, direban da ya kai ta Abijan ko Kumasi ya samu, matar da ta saya a can ta yi miya a lokacin da babu albasa a ƙasarsu. Ribarka ladan aiki ce: ka ɗauke kaya daga inda suka yi yawa zuwa inda ake nemansu, ka riƙe su daga lokacin arha zuwa lokacin tsada, ka ɗauki nauyin ruɓa da ramewa. Wanda ya sayar maka da wanda ya saya a hannunka duka suna iya tafiya gida da murna. A teburin caca ba a taɓa yin haka ba, sai wani ya yi kuka kafin wani ya yi dariya. Rashin sanin gobe ya haɗa sana'o'in biyu, haka ne, amma ai manomi ma bai san damina ba, kuma ba wanda ya kira shi ɗan caca.

Wannan bambanci shi ne addini ya riga ya yanke. A Suratul Baƙara aya ta 219 an ce giya da caca akwai zunubi babba a cikinsu da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubin ya fi amfanin girma. Ka lura, ayar ba ta musa cewa wani yana samu ba. A Ma'ida aya ta 90 da 91 kuma aka ce a nisance su, aka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Ita wannan Baƙarar ce a aya ta 275 ta halatta ciniki. Yaronka ya san waɗannan ayoyi, na tabbata, abin da ya rikita shi kawai an canza wa abin suna, an kira shi wasan basira.

Sai littafin. Ni ma na karanta ire-irensa, kuma abin da nake gaya wa matasa kullum shi ne su tambayi kansu wa ke rubuta littafi. Wanda ya tsira ne. Wanda ya cinye kuɗin auren ƙanwarsa ba ya zama ya rubuta shafi ɗari uku. Babbar gasar poka ta duniya a Las Begas ta Amurka ake yin ta tun 1970, kuɗin shiga babban zagayenta dalar Amurka dubu goma, sama da miliyan biyar na sefa. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya samu kujera ta hanyar ƙaramar gasa a intanet, ya doke sauran, ya tafi da dala miliyan 2.5. Labarinsa ya zaga duniya, kowane ma'aikaci ya ce ni ma zan iya. A 2003 mutum 839 suka shiga, a 2006 suka kai 8,773. Wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai suka fita da wani abu a 2006 ɗin. Sama da mutum dubu bakwai sun ajiye dala dubu goma-goma sun koma gida hannu rabbana, kuma ba a san sunansu ba. Kuɗinsu ne ya zama kyautar da ake nunawa a hoto.

Ko gwanayen ma, a duba ƙarshensu. Stu Ungar, wanda da yawa cikin masu wasan ke cewa ba a yi kamarsa ba, ya ci wannan gasa sau uku, 1980 da 1981 da 1997. A ta ƙarshen kyautar dala miliyan ɗaya ce. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Begas, yana da shekara 45, dukiyar ta tafi a caca da ƙwaya. Basira ba ta yi masa ƙaranci ba. Malamin lakwal ɗin nan na fadarsu, wanda ya ce kaɗaici ya gani, shi ya fi kowa karanta littafin da kyau.

Akwai kuma abin da intanet ta ƙara. Kuɗin da ka zuba a shafi yana hannun mutanen da ba ka san fuskarsu ba, a ƙasar da ba za ka iya kai ƙara ba. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka uku a ƙasar, kuɗin ƴan wasa ya maƙale, wasu sai bayan shekaru suka ga nasu. Waɗannan ƴan ƙasa ne masu lauyoyi. Yaro daga Tawa wa zai kama? Kuma wanda zai zauna da su ba samarin fada ba ne. Mutane ne da suka shekara goma suna wannan abu dare da rana, da manhajojin kwamfuta masu lissafa musu kowane hannu, suna jiran sabon shiga kamar yadda dillalin banza ke jiran baƙauye a tasha.

Tunda lissafi yake so, ku yi lissafin tare. Ƙa'idar da masu sana'ar ke yawan faɗa ita ce kada ka shiga gasa sai kana da ninkin kuɗin shigarta sau ɗari a ajiye, saboda faɗuwa a jere dole ce. Miliyan ɗaya a raba ɗari, jika goma ke nan kowace gasa. Mu ƙaddara ya zama gwani tun ranar farko, yana cin ribar kashi 10 cikin 100 a kan dogon zango. Jika ɗaya ke nan a zaman da zai ci awoyi. Ka tambaye shi ribar buhu nawa ce wannan. In kuwa ya ce zai shiga manyan gasa don ya samu da yawa, to ya karya ƙa'idar littafin nasa da kansa, miliyan ɗin ba zai ga wata na biyu ba.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba miliyan ɗin ba ne. Na taɓa sanin wani yaron shago a Yamai, mai natsuwa, wanda maigidansa ke bar wa makulli. Da jika ɗaya ya fara a waya, a kan ƙwallo. Ranar da abin ya fito, na gan shi zaune a kan buhun shinkafa, hannunsa na rawa, yana ta maimaita magana ɗaya: "So nake in fanshe kawai in mayar." Wata huɗu yana ɗiba yana cike gurbin da ƙaryar bashi. Neman fanshewa shi ke cinye mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kusa da ta giya da ƙwaya. Ɗanka shi ke riƙe da lissafinka. Ba ina zarginsa ba ne, amma kafin komai ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba, ka tambaye shi ko ya riga ya fara. Ka duba takardun aika kuɗi na watannin nan. In ka ga ƙananan kuɗi na fita da dare zuwa lambar da ba ta abokin ciniki ba, ka janye masa riƙon kuɗi cikin sirri, ka bar masa rubutu, ka nemi wanda yake jin nauyinsa ya taya ka magana.

In bai fara ba, to littafin ya bar masa wani abu mai amfani, kuma zan so kai ma ka karɓa daga gare shi. Masu wannan wasa sun san cewa ko an ba ka kati mafi ƙarfi, as guda biyu, in ka kara da mai wasu tagwayen kati za a cinye ka kusan sau ɗaya cikin biyar. Don haka ba sa auna shawara da abin da ya fito rana ɗaya. Asararka ta 2023 ka dube ta da wannan ido. An rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, motoci suka tsaya, albasa kuwa ba ta jira. Ba wautarka ba ce, babu ɗan kasuwar da ya hango haka a watan Afrilu. Tambayar da ta dace ita ce kashi nawa na jarinka ke cikin rudu a lokacin. In duka ne, nan kuskuren yake, kuma kuskure ne ko a shekarun da ka yi haka ka ci riba mai yawa. Mu ƴan kasuwa in shekara ta yi kyau sai mu ce iyawarmu ce, in ta ɓaci mu ce ƙaddara, ba ma komawa mu duba abin da muka yi. Haka nan raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, da rubuta kowace shiga da fita, da ƙin ninka saye don huce haushin asarar bara: duk suna cikin irin waɗannan littattafai, kuma duk sun fi amfani a kasuwar albasa fiye da teburin karta.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kakar albasa mai zuwa, ka ware masa kaya na miliyan ɗayan nan da ya roƙa, albasa a buhu, kada ka ba shi tsabar kuɗi. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: jari naka, aiki nasa, riba a raba yadda kuka amince, irin abin da malamai ke kira mudaraba. Shi zai zaɓi wajen wanda zai saya, nawa zai sayar nan take, nawa zai ajiye, yaushe zai buɗe rudu. Sharaɗi biyu kawai za ka sa masa. Kada ya ajiye fiye da rabi, kuma kowace shawara ya rubuta dalilinta a ranar da ya yanke ta, tun kafin a san farashi. Ya riƙa shiga rudun da kansa duk mako yana tsince ruɓaɓɓu, ya auna abin da ya rame, ya kira Abijan da Ankara ya ji kasuwa. Kai kuma ka daure ka kame bakinka ko ka ga zai yi kuskure, muddin bai taɓa sharuɗɗan ba.

Idan Disamba ta zo, ku baje littafinsa da naka a tabarma ɗaya, ku bi su layi-layi.