Kyamara a maƙogwaron jariri: gwaji ne ko kariya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Za a yi wa ɗana mai wata biyar tiyatar gyaran leɓe. Likitan sa barci ya ce za su zura masa bututun numfashi da wata na'ura mai kyamara. Hankalina bai kwanta ba. Ba gwaji za su yi da shi ba?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ba gwaji ba ne. Tun 2001 wani likitan tiyata ɗan Kanada, John Pacey, ya fito da irin wannan na'ura mai kyamara, sunanta GlideScope, daga baya irinsu C-MAC da McGrath suka yaɗu, har da masu ƙananan baki na jarirai.

Idan aka sa yaro barcin tiyata, ana zura bututu ta tsakanin tantanin murya zuwa hanyar iska, don inji ya riƙa hura masa numfashi, kuma kada jinin aikin ya gangara huhu. A tsohuwar hanya, likita na ɗaga harshe da wani ƙarfe mai fitila, ya leƙa da idonsa. To, maƙogwaron jariri ba na babba ba ne da aka rage masa girma. Harshensa ya cika bakin, ƙofar iskar tana can sama, murfinta dogo ne mai laushi da ke faɗowa ya tare gani, ga ƙeya babba da ke tanƙware wuya. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lokaci. Jariri na cin iskar oksijin kusan ninki biyu na babba idan aka auna da nauyin jiki, ajiyar huhunsa kuma kaɗan ce. Jinkirin da babba zai jure, shi kafin a ankara oksijin ɗinsa ya faɗi, bugun zuciya ya biyo baya. Kowane sake gwadawa kuwa yana ƙara kumburi da haɗari.

Shi ya sa muke son bututu ya shiga a karon farko, kuma a nan kyamarar ke da rana. Tana bakin ƙarfen, tana nuna ƙofar iska a allo ɓaro-ɓaro, babban likita da mataimaki duk suna gani. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2020, kan jarirai 564 a Amurka da Ostareliya, ya nuna an dace a karon farko kashi 93 cikin ɗari da kyamara, 88 da tsohuwar hanya, kuma kuskuren zura bututu a hanyar abinci ya ragu. Waɗanda ba su wuce kilo 6.5 ba su suka fi amfana. A Dublin, a 2024, kan sababbin haihuwa da ake sa wa bututu cikin gaggawa, tazarar ta fi haka: kashi 74 da kyamara, 45 da tsohuwar hanya.

Amma kada a ɗauka na'urar ce ke aikin. Sau da yawa ana ganin ƙofar sarai, bututun ya ƙi bin kwana, musamman da mai baki lanƙwasasshe sosai, sai wanda hannunsa ya saba. Jini, majina ko tururin numfashi na rufe idon kyamarar, batir kan mutu. Ni kam, ƙwararre da tsohon ƙarfe ya fi min sabon shiga da kyamara. Idan aka samu ƙwararre da kyamara, to madalla.

Kina da haƙƙin tambayar likitan sa barcin ko ya saba amfani da ita ga jarirai, ko suna da na'urar da ke auna iskar da yaro ke fitarwa don tabbatar bututu na inda ya kamata, da abin da suka tanada idan an sami tangarɗa. Ki kiyaye lokacin da suka ce a daina ba shi nono kafin aiki. Idan kuma mura, tari ko zazzaɓi ya kama shi a kwanakin nan, ki faɗa musu tun da wuri, don mai yiwuwa a ɗaga ranar.