Amsa ga mai son ya huta da latsa waya a hutunsa na Daura

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ofis sun ba ka hutun mako biyu, za ka bar Katsina ka tafi gida Daura, kuma bara ka yi irin wannan hutun ka dawo a gajiye domin waya ba ta bar hannunka ba dare da rana. Kana tambaya ko ka kashe ta ka jefa a durowa har ka dawo.

Kada ka kashe ta. A halin da jiharmu take ciki, idan aka kira mutum sau uku aka ji layinsa a rufe, kafin la'asar an fara cigiyarsa, ka ga ka sayi hutunka da tashin hankalin iyali. Kuma ko ba don wannan ba, yankewa lokaci guda ba ta cika ɗorewa ba. Akwai binciken da aka wallafa a 2019 inda aka rarraba masu waya: wasu sanarwar saƙonni tana shigo musu kamar kullum, wasu a tara musu a sako sau uku a yini, wasu kuma a rufe musu gaba ɗaya. Na sau uku ɗin su suka fi samun natsuwa. Waɗanda aka rufe wa ƙurmus fargaba ce ta ƙaru musu, suna ta tunanin me ke wuce su. Abin da zai yi maka aiki shi ne ka raba wayar gida biyu. Kira, tura kuɗi, tocila da ƙararrawar asuba su zauna tare da kai. Zamiyar allo mara iyaka kuma, wato jan allo ana bin bidiyo da saƙonni ba tsayawa, ka yanka mata lokaci, ka fara rage ta tun kana Katsina.

Fara da aunawa, yau ɗin nan. A Tecno, Infinix, Samsung da sauran wayoyin Android, shiga saitin ka nemi Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Zai nuna maka awannin da ka yi, yawan sanarwar da ta shigo, da sau nawa ka buɗe wayar. Mutane sun fi kallon awanni, amma lambar buɗewar ta fi faɗin gaskiya, domin ita ke nuna sau nawa hankalinka ya tsinke a yini. Za ka tarar manhaja biyu ko uku ne suka cinye mafi yawan lokacin, galibi WhatsApp, TikTok da Facebook. Da su kake da magana, sauran ka ƙyale su.

Dalilin da hannu ke komawa kansu shi ne ba ka san abin da za ka tarar ba. Ka buɗe sau tara babu komai, a na goma ka ga alat ko labari mai zafi, kuma wannan rashin tabbas ɗin shi ke riƙe mutum fiye da abin da ya san zai samu. Sinadarin dofamin da ake yawan ambata yana aiki ne wajen ɗoki da sa rai. Masu cewa a yi kwana kaza ana wanke shi daga ƙwaƙwalwa sun zuzuta maganar: jiki ne ke yin sa, yana kuma buƙatarsa ko don motsin gaɓoɓi. Sabo ake canzawa, shi kuwa sabo da kaɗan-kaɗan ya shiga, da kaɗan-kaɗan yake fita.

Mako guda kafin tafiya, bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya ka rufe musu sanarwa, ka bar kira, saƙon tes da manhajar banki kaɗai. Tura STOP zuwa 2442, wannan tsarin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ne na dakatar da saƙonnin talla a layinka. A WhatsApp, kowane guruf yana da zaɓin yin shiru na awa 8, mako 1 ko dindindin. Zaɓi dindindin, sannan ka tura shi ma'ajiya domin ya ɓace daga shafin farko, in ba haka ba koren lambar nan mai nuna saƙo ɗari uku za ta riƙa kiran idonka. Amma ka sani ko a hakan, idan wani ya ambaci sunanka ko ya amsa maganarka, sanarwa za ta shigo. Saboda haka ka daina jefa baki a muhawarar guruf tun yanzu. Rufe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye, wannan ma zai rage maka cin data sosai.

Sai ofis, kuma nan ne hutun yawancin ma'aikata ke lalacewa. Mutum zai yi sallama ya ce, "In akwai wani abu a kira ni." Ya buɗe ƙofa ke nan, domin a wurin abokan aiki ko neman makullin kabad wani abu ne. Rubuta takardar miƙa aiki shafi ɗaya: fayil kaza yana wurin wane, abu kaza ranar kaza za a biya, wanda zai riƙe maka kujera shi ne wane. Ka gaya wa oga cikin ladabi cewa kana duba saƙo bayan azahar kullum, abin da ba zai jira ba a kira ka kai tsaye. Yawancin mutane ba za su kira ba, domin kira yana da nauyin da tura saƙo ba shi da shi. Faransa sai da ta sa wannan a doka a 2017, ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan tashi. Mu ba mu da wannan gatan, da baki ake nema. Ɗan kasuwa mai WhatsApp Business kuma yana da saƙon amsa na kai tsaye, sai ya rubuta lokacin da yake dubawa da lambar yaron shago.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne ƙaramar waya mai madannai, wadda yara ke kira rakani-kashi. Cire layin da aka fi saninka da shi ka sa a cikinta, babbar ta zauna a ɗaki. WhatsApp ɗinka ba zai ɓace ba don ka cire sim, zai ci gaba da aiki duk lokacin da babbar ta samu data daga ɗaya layin. Ga inda ake samun tangarɗa. Lambobin mutane yawanci a asusun Google suke, ba a kan sim ba, sai ka ga kira na shigowa babu suna, don haka kwafi lambobi ashirin da ka fi buƙata kafin ka tafi. Sim ɗin yanzu ƙarami ne, wasu ƙananan wayoyin sai da ɗan firam ɗin da ake ɗora shi a kai, masu gyaran waya suna da shi. Kada ka tura shi haka nan ya maƙale ya karya ƙafafun ramin. Wasu sun fi son karkatar da kira maimakon cire sim: a danna **21*, a sa lambar layin da ke cikin ƙaramar, a rufe da #, in an tashi warwarewa a danna ##21#. Yana aiki, sai dai kuɗin kiran da aka karkatar daga katinka ake cira, kuma saƙon tes ba ya bi, har da lambar sirrin da banki ke turowa. Shi ya sa cire sim ɗin ya fi sauƙi. Tura kuɗi ba matsala ba ne, lambobin banki suna aiki a ƙaramar waya: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith, *901# na Access. Gwada naka tun kana gida. Kuma tunda layin bankinka zai zauna a wayar da ba ta da makulli, sa wa sim ɗin lambar sirri, domin ɓarayin waya ta wannan hanyar suke kwashe asusu. Ka rubuta lambar a wani wuri, kuskure uku a jere zai kulle shi sai da PUK, lambar buɗe sim da kamfanin layi ke bayarwa.

Babbar wayar kuma ka ba ta zama uku a yini, minti 20 kowanne. Mu Allah Ya hutar da mu neman agogo, salloli sun riga sun yanka mana yinin: ɗaya da hantsi bayan karin kumallo, ɗaya bayan azahar, na ƙarshe bayan la'asar. Ka zaɓi wuri ɗaya da kake duba ta, zaure ko bakin ƙofa, ban da kan katifa. Rufe sabunta data ta kai tsaye, ka sayi ƙaramar data ta yini a *312# maimakon ta wata. Ta fi tsada in aka lissafa, gaskiya ne, amma idan ta ƙare sai ka sake yanke shawara kafin ka ci gaba, kuma wannan ɗan tsaikon ake nema. Garaɓasar datar dare kuwa kada ka ko kalle ta, an yi ta ne daidai awannin barcinka.

Ƙayyade lokacin manhaja da ke cikin Digital Wellbeing yana dusar da alamar manhajar har tsakar dare idan lokacin ya cika, amma latsawa biyu ke cire shi, kuma wanda ya sa shi ne mai cirewa. Ga TikTok da Facebook gara ka goge su daga wayar na mako biyun. Asusunka yana nan, ka dai tabbata ka san kalmar sirrinka kafin ka goge. WhatsApp kada ka goge shi ba tare da ka adana hirarrakin ba. Mayar da allon baƙi da fari shi ma yana rage kwaɗayin bidiyo, yana cikin tsarin lokacin barci na Android.

Kwana biyu ko ukun farko ba daɗi, gara ka sani tun yanzu. Hannu zai riƙa zuwa aljihu da kansa, za ka ji kamar waya ta yi motsi a cinyarka alhali tana ɗaki, zaman minti goma shiru zai yi maka tsawo. A nan mutane ke cewa abin bai yi aiki ba su koma. Ƙaiƙayin yana tasowa ne ya lafa cikin 'yan mintuna in ba a biye masa ba, kuma tashi tsaye ya fi zama ana dauriya: yi alwala, zaga bayan gida, ɗebo ruwa.

Awa huɗu ko biyar da ka ƙwato dole su sami abin yi, in ba haka ba talabijin ce za ta gaje su. Rubuta sunayen dangin da ka daɗe ba ka taka gidajensu ba, gida biyu a yini, da ƙafa in cikin gari ne. Kai yara rijiyar Kusugu su ja guga da hannunsu, yawancinsu a littafin makaranta kawai suka san labarin Bayajida. Ranar Lahadi ga kasuwar Mai'aduwa, zagayen kara kaɗai ya isa cin rabin yini. In damina ce ko kaka, bi masu zuwa gona. Majalisar yamma tana da kyau, sai dai majalisun yanzu mutum shida ne a kan tabarma kowa ya sunkuya kan allonsa, kuma da an miƙo maka "kalli wannan" ka koma ruwa. Zauna kusa da dattawa, su har yanzu da baki suke hira. Hoto kuwa ɗauki abinka, amma bar sakawa a intanet sai ka dawo. Da zarar ka saka, za ka koma duba wa ya yaba, ga kuma sanar da duniya cewa gidanka na Katsina ba kowa.

Dare shi ne babba. Daga magariba babbar waya ta gama aikinta, kuma ba a ɗakin barci za ta kwana ba, ko da sunan caji. Hasken allo yana jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci, amma abin da ake kallo ya fi hasken illa: gardamar siyasa ko bidiyon hari da ƙarfe sha ɗaya na dare zai bar zuciya tana bugawa ko da ka dusar da allon. Uzurori uku ke mayar da waya gefen matashi, ƙararrawar asuba, tocila da karatun Alƙur'ani. Ƙaramar waya ta ɗauke biyun farko, na ukun kuma ɗauki mus'hafi, domin mai karatu a waya saƙo ɗaya ke raba shi da surar. Ka lura da shayi da goro bayan la'asar, sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, sai mutum ya kasa barci ya lalubo waya ya ɗora mata laifi.

Labaran tsaro ba a cewa a toshe kunne, musamman ga mai bin hanya. Saurari rediyo safe da yamma, na gida ko BBC Hausa, domin shirin rediyo yana da ƙarshe. Batun hanya kuma tambayi direbobin tasha ko ɗan'uwan da ka yarda da shi ya kira ka in akwai abin da ya shafe ku. Bidiyon gawarwaki da ake yawo da shi a guruf ba ya ƙara maka sanin komai, kada ka buɗe.

Ka dawo Katsina kwana ɗaya kafin ranar komawa aiki, ka zauna awa guda ka bi saƙonnin mutane ɗaiɗaiku, na guruf ka share ba tare da karantawa ba. Zama uku a yini ba zai yiwu a ranakun aiki ba, amma sanarwar da ka rufe ta zauna a rufe, wayar ta ci gaba da kwana a falo, kuma kada a taɓa ta daga asuba har a karya. Idan za ka mayar da manhajojin da ka goge, mayar da ɗaya ka ga yadda mako zai kasance. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka an gwada ɗalibai 143 a 2018, aka taƙaita wa wasunsu Facebook, Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a yini har mako uku, aka ga kaɗaici da ƙuncin rai sun ragu musu. Minti 30 ke nan a jimla, ma'auni ne mai kyau ka fara da shi.

In kuwa ka yi duk wannan, mako uku ko huɗu suka wuce barci bai dawo ba, gaba na faɗuwa ba dalili, abinci da hira duk sun fita ranka, to wataƙila wayar tana rufe wata damuwa ce da ke ƙasa. Wannan ka je asibiti ka yi wa likita bayani, kada ka tsaya sayen maganin barci a kemis.