An gwada fitsarin ƙanena bayan haɗari, an ce akwai tramol

Tambaya: Barista, ƙanena direban Sharon ne, ya bige ɗan acaba a hanyar Kano zuwa Zariya, mutumin ya karye a cinya. 'Yan sanda sun kai shi asibiti an ɗebi fitsarinsa, wai an ga tramol. Kwana uku kenan yana tsare. Me za mu yi?

Amsa: Allah Ya kiyaye gaba, Ya ba majinyacin lafiya. Ɗan'uwa, kwana ukun nan ma da gyara, domin sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 in akwai kotu kusa, in babu awa 48. Ku je da lauya ku nemi beli, beli kyauta ne, kuma kar ya sa hannu a kan wani sitatimen sai lauyan na zaune.

Gwajin kuwa ba abin mamaki ba ne. Tuƙi cikin maye laifi ne a dokar hukumar kiyaye haɗurra, wato FRSC, ta 2007, kuma ba giya kaɗai ba, har ƙwaya. Ita giya akwai mizani, 0.05 a jini, ka hura na'ura lamba ta fito. Ƙwaya ba haka take ba, fitsari yana nuna mutum ya sha ne kawai, ba ya nuna a buge yake lokacin da ya taka burki, tramol na iya kwana biyu uku a jiki, wiwi ma har makonni. To nan lauyansa zai tsaya, ƙarfe nawa aka ɗebi fitsarin, wa ya riƙe kwalbar, an rubuta sunansa a jiki ko a'a, wane ɗakin gwaji ne, kuma wanda ya gwada zai zo kotu a yi masa tambayoyi? Na sha ganin takardar sakamako ko hatimi babu.

Amma ku tambaye shi tsakani da Allah me ya sha. In likita ne ya rubuta masa tramol mai lamba 50 ko 100, a nemo katin asibitin yau ɗin nan. In 225 ce ta tasha, ku duba ko an samu saura a aljihunsa ko cikin mota, don wannan aikin hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ne kuma, wato NDLEA, magana ta koma babbar kotun tarayya.

Majinyacin nan kar ku bar shi. Ku je da manya, ku biya kuɗin ɗori da gyaran babur, duk abin da kuka bayar a rubuta da shaidu. Sulhu ba ya goge tuhumar tuƙin ganganci da kansa, amma alƙali yana dubawa wajen sassauci. Ku ciro takardar inshorar motar ma, in ta gaske ce ba ta bakin titi ba, a sanar da kamfanin da wuri kafin su ce kun makara.